Sahabi, Ba Za Ka Raba Bello Biyu Ba

"Yaya Kulu, wallahi dut za ni sa su. Na da da na yanzu. Ko guda ba ni bari."

Kai ka faɗi haka, Sahabi. A tsakar gidana, kana zaune kan tabarma, kwalin kaset-kaset ɗin Bello yana kan cinyarka. Ban ce ka rantse ba. Kai ka ɗaga yatsa sama da kanka.

Zan dawo kanka. Bari in fara da wanda ya fi ka muhimmanci.

Yau da safe labari ya iske ni ina shirin fita makaranta. Nana ce ta kira, 'yar Bello. Ta ce, "Gwaggo, Baba ya rasu." Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, na rasa inda ɗayan yake, alhali yana hannuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bello Tsawa ya rasu. Ya yi alwalar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna bakin gado. Kafin a samo mota ya cika. Rana ba ta gama zafi ba aka kai shi makwancinsa.

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba. Amma ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, Sahabi, abokinsa na ƙuruciya, wanda yanzu yake gabatar da shirin waƙa a wani gidan rediyo a garin nan, ya fitar da sanarwa. Ya ce ranar Juma'a zai yi shirin tunawa da shi, kuma tsofaffin waƙoƙinsa na gambarar zamani kaɗai zai sa. Na soyayya, waɗanda Bello ya ƙare rayuwarsa yana yi, ya ce a rufe.

Matar Bello tana cikin ɗaki, ta shiga takaba, rediyo yana gefen matashinta. Za ta ji shirin nan. Wannan ne ya sa na ɗauki waya.

Ga waɗanda ba su san ni ba: ni malamar makaranta ce, adabi nake koyar da 'yan mata. Ba uwarmu ɗaya da Bello ba. Katanga ce ta raba gidajenmu a Ƙofar Atiku. Amma ni na goya shi, ni na fara kai shi makarantar allo, ni na sha duka ranar da ya ɓata a kasuwa.

Mun taso lokacin da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane magidanci a layinmu ya sayo wani abu mai ƙara. Wani babur, wani fanka. Babanmu rediyo mai kaset ya sayo, yana lulluɓe shi da tawul kamar jariri.

Bello yana ɗan ƙanƙane zai hau katanga ya kasa kunne. Washegari sai ka ji shi yana maimaita labaran duniya da muryar mai karantawa, ya haɗa da ta mai tallan maganin basir na bakin tasha, ya zuba su cikin numfashi guda. Innarsa tana cewa yaron nan bakinsa zai ja masa. Ta yi gaskiya. Ba ta dai san har ina zai kai shi ba.

Kafin ya yi gemu kuɗin man sun ƙafe, sojojin kuma suna nan.

Ku yaran yanzu da kuke zagin gwamna daga kan katifa, ban raina ku ba. Amma ku sani akwai lokacin da ko a cikin tasi mutum sai ya dubi wuyan wanda ke gabansa kafin ya ce rayuwa ta yi tsada. A wannan lokacin Bello ya fara.

Ba situdiyo. Shagon Malam Ishaya ne, mai gyaran rediyo, mutumin Filato da ya zauna da mu har ya fi wasunmu iya Sakkwatanci. Yana da na'ura mai bakin kaset biyu. In ya tashi aiki sai ya bar wa Bello makulli. Sahabi yana buga gwangwani da tebur, Bello yana zuba magana.

Malam Ishaya yakan ce, "Ni rabin abin da kake faɗi ban kama shi. Amma in ka zo wurin masu kaki, don Allah ka ƙara sauri."

Ɗazu na gan shi a ƙofar gida, ya tsufa, yana zaune kan benci cikin masu ta'aziyya, hularsa a hannu. Bai iya gaishe ni ba. Ni ma ban iya ba.

Waƙar layin mai ita ta fara fita. Wadda yake cewa rijiyar mai tana bayan gidanmu, fitilar ɗakinmu ba kananzir. 'Yan kabu-kabu suka ɗauke ta, daga aljihu zuwa aljihu. Malaman da aka hana albashi suna jin ta a ɗakin hutu, an rage murya, an sa ɗalibi gadin ƙofa.

Mutanen Kano suna dariyar harshensa. Wani ya ba shi shawara ya gyara Hausarsa in yana son kaset ya ƙetare Zamfara. Ya ce, "Su dai su gyara kunnensu."

Suka gyara kuwa.

Sai aka zo aka tafi da shi.

Ba zan ba da labarin duka ba. Ya dawo an aske masa kai da fasasshiyar kwalba, bayansa ba ya taɓuwa. Mata suka cika gidan ana kuka. Na shiga, ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Yaya, kin ga aski kyauta. Kin san wanzami ya ƙara kuɗi."

Ranar da ake binciken gidansu Innarsa ta jefo kaset-kaset ɗin ta kan katanga, na ɓoye su ƙarƙashin littattafaina. Da abu ya lafa na ce ya zo ya ɗauka. Ya ce in bar su, ni na iya ajiya, shi ko hularsa bai san inda take kwana ba. Haka suka zauna a hannuna. Waɗanda suka yawata a gari duk sun cinye kansu. Nawa ne kaɗai suka rage.

Kai kuma, Sahabi, a makon da aka tafi da shi ka tuna kakarka tana da gonar shinkafa a Wamakko, kuma tana neman mai taya ta korar tsuntsaye. Ban taɓa ganin laifinka ba. Kowa yana da fata. Bello ma bai taɓa tayar da maganar ba. Na tuna maka ne kawai don yau kai ne mai raba takardar shaidar jarumta.

Da ya yi suna bai canza mini ba. In ya hango ni a titi sai ya faka mota, ya sauko, ya durƙusa a gaban mutane. Ina cewa tashi, kana ba ni kunya. Yana cewa ai shi ya sa.

Duk shekara yana zuwa ajina kyauta. Ina koya wa yara ƙafiya da kari a allo suna hamma, shi sai ya ce kowace ta faɗi abin da ta karya da shi, ya ɗinke koko da ƙosai da ɗumame cikin baiti, aji ya kaure. In ya tafi sai su dube ni kamar na daɗe ina ɓoye musu wani abu.

Da mijina ya rasu, bai yi mini wa'azin haƙuri ba. Ya zo da mai gyaran famfo, don ya lura yana zuba.

To, sai shekarun baya-bayan nan.

Kun san abin da ya faru. Mutumin da yake cusa magana arba'in cikin numfashi ɗaya ya fito da waƙa mai tafiyar hawainiya, kusan ba komai cikinta sai "Ba ni ruwa, ɗan'uwana, ba ni ruwa." Ta biyu, "Taho kusa, zamna nan." Ta uku, "Na gaji, riƙa ni."

Gari ya rabu.

Amare suka ɗauka. Ba bikin da za ka je a unguwar Mabera ba ka ji "Taho kusa" ba. Samari suna tura wa 'yan mata. Jikokin Kanawan da suka yi dariyar harshensa suna rera "zamna nan" suna lumshe ido.

Tsofaffin masoyansa kuwa suka ji kamar an ci amanarsu. Na karanta abin da kuka rubuta, ban manta ba. "Tsawa ya zama yayyafi." "An saye shi." "Tsoho da furfura yana neman a riƙa shi." "Wata yarinya ce ta juya masa kai." Wani yaro ya yi waƙa sukutum ta zaginsa, ya yi suna da ita. Wani malamin jami'a ya tare ni a wurin taro ya ce, "Malama, ɗan'uwan nan naki kalmominsa sun ƙare. Wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne."

Na ce masa eh, na 'yan aji ɗaya ne. Na wuce, don an ɗaure mini baki.

Ba zan ce duk sun yi kyau ba. Akwai biyu da mai situdiyo ya cika wa ƙarar fiyano har suka zama kamar tallan sabulu, kuma na faɗa wa Bello a fuskarsa. Wanda ya ce waƙoƙin ba su yi masa daɗi ba, kunnensa ne, ba ni da faɗa da shi. Faɗana da wanda ya ce abin kunya ne.

Yau an kwance mini baki. Ga abin da ba ku sani ba.

Sunan matarsa Hajo. Tela ce. Kafin ciwo, in Hajo ta shiga gidan biki ta fara ba'a, sai mata sun riƙe ciki. Ita kaɗai ce na taɓa ganin ta kayar da Bello a magana, kuma kullum take kayar da shi.

Wata rana tana kan keken ɗinki ta zame. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, magana ta ɗauke.

Hankalinta garau. Tana jin komai, tana gane komai. Kalmar ce ba ta fitowa. Tana son ruwa, ta nuna, a kawo abinci. Ta girgiza kai, a gyara matashi. Ta sake girgizawa, a kira malami. Sai ta juya fuska bango hawaye suna zuba. Na ga wannan da idona, ba sau ɗaya ba.

Rannan da rana tsaka sai ga Bello a gidana ba takalmi. Lokacin mu duka mun koma Mabera, layi kaɗan ne tsakaninmu.

"Yaya, taho ki gani. Ta yi magana."

"Me ta ce?"

"Ba cewa tay yi ba. Taho dai."

Ashe yana shafa mata mai a hannu yana rera wata tsohuwar waƙar daka da Innarsa take yi, ya kai tsakiyar baiti ya tsaya ya ɗauko tawul, sai Hajo ta ƙarasa. Tsaf, kalma bayan kalma. Ya maimaita a gabana, ta sake ƙarasawa. Na ce, "Hajo, ce Kulu." Bakinta ya yi ta motsi, ba abin da ya fito.

Mai gashin ƙashi a asibiti ta ce ana samun haka. Hanyar magana daban, hanyar waƙa daban, wani lokaci ɗaya ta toshe ɗaya tana buɗe.

Bello bai ƙara tambaya ba. Ya zauna yana kallon yinin matarsa. Me take buƙata da safe, me take buƙata da rana, me ke sa ta kuka. Kowace buƙata ya yi mata karinta, mai sauƙi, mai jan numfashi, ya yi ta maimaitawa har ya zauna mata.

Ba ni ruwa.

Taho kusa, zamna nan.

Buɗe taga, zahi nike ji.

Na gaji, riƙa ni.

Waƙoƙin da kuka ce kalmominsu sun ƙare ke nan. Ranar da Hajo ta fara rera "ba ni ruwa" da kanta, ba wanda ya ja mata baki, aka kawo ruwa, ruwan ne kuwa take so, Bello ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Bai yi su don ku ba. A waya ya ɗauka, don ta riƙa bi in ya fita. Nana ta kai wayar caji, mai shagon ya kwashe, kafin a ankara suna cikin kowace kabu-kabu. Da ya ga sun riga sun fita, ya ce gara ya shiga situdiyo ya yi musu riga. Ya ƙara baitoci, ya bar amshin yadda yake, don amshin na Hajo ne.

To ku gaya mini, in wannan ba waƙar soyayya ba ce, wacce ce?

Na roƙe shi ya yi bayani. Ranar da yaron nan ya saki waƙar zagi na je gidan a fusace.

"Bello, ka buɗe baki ka gaya musu mana."

"In ce musu mi?"

"Gaskiya."

"Yaya, ke kin san mu. Ni ko sunanta ban iya kira gaban Inna. Yanzu in hau rediyo in ce ga abin da ciwo yay yi mata? Su cika gidan ga suna kallonta suna Allah sarki? Tambaye ta. Ta hi son a zage ni."

Na juya. Hajo tana dariya da rabin bakinta, tana ɗaga kai.

"Kin gani? Daɗi taka ji. Shekara da shekaru tana neman mai taya ta."

Na ce to ya riƙa haɗawa, ya yi wannan ya yi waccan, ya rufe bakin mutane.

"Na gwada. Ran da nay yi gambara cikin gidan ga, tana kallon bakina tana son ta bi, ta kasa. Waƙad da ba ta iya bi, mi za ni yi da ita?"

Sannan ya ce, "Yaron nan kau da yaz zage ni, in kin san gidansu ki ce shi zo. Yana da baki, numfashi na bai iya ba. In koya mai."

Wannan ne mutumin da aka ce ya yi laushi. Wanda ya ɗauki bulalar soja yana saurayi, ya ɗauki dariyar masoyansa yana dattijo. Ni da na ga duka biyun, ta biyun ta fi daɗewa, kuma ba wanda ya tafa masa a kanta.

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne, bayan La'asar. Na iske su a inuwar darbejiyar tsakar gida. Ya rame, yana yawan dafa ƙirji, na yi masa faɗan asibiti, ya ce zai je. Yana koya mata sabon kari.

Na saurara. Ba ruwa, ba taga. "A'a, ba hakanan ba. A'a, ba hakanan ba."

Na ce wannan kuma wace irin soyayya ce?

Ya ce, "Dut abin da na koya mata roƙo na. Ba ni, taho, riƙa ni. Ni ina gane in ba ta son abu, ko ido ta juya. To in ba ni nan fa? Mutane na da kirki, Yaya, sai su yi ta yi mata abin da ba ta so, suna jin sun kyauta. Gara ta iya ƙi."

Na ce ya daina zancen in ba ya nan. Ya ce to. Ya rako ni ƙofa, ya ce in gaida 'yan ajina, yana nan zuwa bayan hutu.

Yanzu, Sahabi.

Kai ba ka cikin waɗanda ba su sani ba. Watannin baya da ka zo neman kaset-kaset don ka shirya masa karramawa yana raye, na ce ba zan ba ka ba sai ka bi ni ka ga Hajo. Bello ya yarda, don kai ne. Ka zauna a ɗakin nan. Ka ji Hajo ta rera "buɗe taga", ka tashi da kanka ka buɗe. Ka rufe fuska da hula. Daga nan muka wuce gidana ka yi rantsuwar da na fara da ita.

Karramawar ba ta yiwu ba. Yau ka ce mai ɗaukar nauyi ya yi tafiya, gobe ka ce ana gyaran na'ura. Bello bai taɓa tambaya ba.

Ɗazu da rana muna zaune a ɗakin Hajo, mata sun cika har ƙofa. Wata yarinya daga dangi ta ce, "Lah, za a yi shirin Baba a rediyo." Ta karanta da ƙarfi, tana ganin abin farin ciki ne. Ga abin da ka rubuta, na kwafo shi yadda yake:

"Ranar Juma'a bayan La'asar za mu kawo muku Tsawa na gaskiya, wanda ya tsaya gaban bindiga, daga tsofaffin kaset da ba ku taɓa ji ba. Shekarun baya-bayan nan kuwa, mu yi masa sutura mu rufe. Kowane ɗan Adam yana da rauni."

Rauni.

Tun safe Hajo ba ta yi ko tari ba, tana jingine, carbi a hannun hagu. Sai muka ji murya, siririya, tana rawa, amma kowace kalma a wurinta.

"A'a, ba hakanan ba. A'a, ba hakanan ba."

Wata tsohuwa daga ƙauye ta zabura. "Subhanallahi, waƙa? Ran mutuwar mijinta?"

Na ce, "Inna, ba waƙa takai ba. Magana takai. Ita ke nan gare ta."

Na matsa kusa na riƙe hannunta. Na ce, "Hajo, in faɗa musu? Duka?" Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ɗaga kai. Na sake tambaya a gaban Nana, don kada gobe a ce na yi gaban kaina. Ta sake ɗagawa.

Shi ya sa kuke karanta wannan.

Na san dalilinka, Sahabi. Masu kiran waya a shirinka tsofaffin 'yan gambara ne, su ne suke cewa an saye shi, kuma ba ka son su ce kai ma an saye ka. Ka auna fushinsu da na mace mai rabin jiki wadda ba ta iya kiran waya, ka ga wanne ya fi sauƙi.

Ka manta tana da Yaya.

Akwai waɗanda suka rubuto mini cewa a goge waƙoƙin duka, na da da na yanzu, ya fi masa sauƙi a kabari. Wannan magana ce ta addini, ina girmama ta, kuma ta iyalinsa ce da malamansu. In sun yanke haka, ni zan fara miƙa nawa. Amma wanda ya ce a goge duka ya fi mini wanda zai ɗaga rabin mutum sama yana kirari, ya tura ɗaya rabin ƙarƙashin tabarma kamar abin da akuya ta bari.

Ina alfahari da Bellon layin mai. Na ɓoye muryarsa ƙarƙashin littattafaina lokacin da ɓoye ta yana iya kai mutum bariki. Kuma ina alfahari da Bellon "ba ni ruwa", fiye ma. Na karanta waƙoƙin soyayya iya karatuna, na larabawa da na turawa da namu, maza suna rantsuwa za su ciro wata su kawo. Ban taɓa karanta wanda ya zauna ya ƙera wa matarsa harshe ba.

Mutum ɗaya ne. Duk rayuwarsa abu ɗaya ya yi: ya ga wanda aka hana magana, ya ara masa baki. Da farko gari ne. Daga baya Hajo ce.

Allah ya jiƙan Bello. Allah ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata kabarinsa, ya sa haƙurin da ya yi da bakunanmu ya zame masa haske. Allah ya ba Hajo ƙarfi, ya kewaye ta da masu saurare. Allah ya raya Nana da ƙannenta. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka tsaya a danna alamar kuka. Ka yi masa addu'a da bakinka, ka ambaci sunansa bayan salla. In kana cikin waɗanda suka zage shi, ba sai ka rubuto mini ba, ya riga ya yafe, a gabana ya yi. Addu'ar dai. Kuma kada ku cika gidan don kallon Hajo. Abin da ya guje mata ke nan.

Kai kuma Sahabi, kana da zuwa Azahar ɗin Alhamis. Ka goge sanarwar nan, ka rubuta wata, ka ce za ka sa duka, kuma kalmar rauni kada ta sake fitowa.

In aka kira salla ban gani ba, zan zo gidan rediyon ni da Nana, in zauna a ɗakin baƙi har ka fito mini da kwalina, kaset ɗaya bai ɓace ba, kuma duk abin da ka kwafa ka goge shi a gaban 'yarsa. Sai ka nemi abin da za ka cika shirinka da shi.

Ranar Juma'a bayan La'asar kuma zan kasance a ɗakin Hajo. Zan kashe rediyon da hannuna. Zan sa mata su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa da sabuwa, in kuma ɗora su a shafin nan yadda ta ji su. Waƙar da Hajo ta ce wa a'a, ita kaɗai za a tsallake.